Baƙin Kewayen Ido: Asalinsa da Maganinsa, Bisa Misalin Kudancin Birnin Kaduna

1. Gabatarwa

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. A cikin fuska kuwa babu wurin da ya fi saurin tona asirin jiki kamar 'yar fatar nan da ta kewaye ido. In mutum ya kwana bai runtsa ba, ko ya tashi daga jiyya, ko mura ta toshe masa hanci, kafin ya buɗe baki an riga an karanta labarin a ƙarƙashin idonsa.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa duhun nan ba ciwo ba ne guda ɗaya mai magani guda ɗaya. Alama ce kawai, tana kuwa da tushe dabam dabam, har abin da ya yi wa wani amfani ya kan cuci wani. Mun ɗauki misalanmu daga unguwannin Kaduna na kudancin kogi, watau su Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa da Sabon Tasha, domin a can aikin dare da ƙura da cinikin man shafawa suka haɗu wuri guda. Malaman makarantun horon malamai za su ga batun ya shafe su, don kuwa ɗalibansu mata su ne a ke yi wa tallan magungunan nan, yaran da ɗaliban za su koyar kuma su ne a ke sa wa kwalli tun suna goye.

2. Yadda Bahaushe ke faɗinsa

Abin da ya kamata a fara lura da shi, Bahaushe bai tara wannan al'amari cikin kalma guda ba. In ya dubi wanda ya sha jiyya sai ya ce idonsa ya faɗa, ko ya zurma. In ya dubi wanda ya tashi daga barci, ko ya sha kuka, sai ya ce idonsa ya kumbura. In kuwa launi ya ke nufi sai ya ce ƙasan idonsa ya yi baƙi. Waɗannan maganganu uku ba ɗaya ba ne: na farko rami ne, na biyu tudu, na uku rini. Masu tallan man shafawa su ne suka cure su wuri guda, domin su sayar da kwalba guda ga mutum uku.

Abin sha'awa, rabon da likitocin fata suka yi wa batun bai yi nisa da na harshen ba. Ƙarin da suka yi shi ne na huɗu, watau duhun jini da a ke hangowa ta cikin fata.

3. Halittar wurin

Fatar ido ita ce mafi rashin kauri a duk jikin ɗan Adam, ba ta kai milimita 1 ba. A sauran jiki akwai shimfiɗar kitse tsakanin fata da tsoka, amma a nan kusan babu. Tsokar da ke rufe ido tana manne da fatar, ga kuma ƙananan jijiyoyin jini birjik. Saboda haka fatar nan kamar farin mayafi ce marar kauri da aka rufa bisa jan zane: ko yaya zanen ya ƙara ja, sai ya nuna.

Har wa yau, wurin sako-sako ne, ruwa na samun saukin taruwa a cikinsa. Ga shi kuma a gindin gira, a bakin kwarmin ido, inda hasken da ya zo daga sama ke jefa inuwa. Wanda ya riƙe waɗannan abubuwa uku, rashin kauri da sassauci da inuwa, ya riƙe mabuɗin duk abin da za mu faɗa nan gaba.

4. Tushe huɗu

Na farko, rini. Launin fata daga wani sinadari ya ke da a ke kira melanin, baƙar fata kuwa ta fi kowace yawan yinsa. Waɗansu gidaje sun gaji ƙarinsa a kewayen ido, ya kan fara tun ƙuruciya, ya ƙaru da shekaru. A 1969 likitoci biyu, Goodman da Belcher, suka bayyana wata zuriya da mutanenta da yawa ke da shi daga kakanni har jikoki. Irin wannan ba cuta ba ne, kamar wushirya ne ko dogon hanci. Amma akwai rini na biyu wanda ba na gado ba. Baƙar fata in ta ji rauni, ko ƙuna, ko ƙaiƙayi, sai ta amsa da ƙarin melanin, shi ya sa ƙurji ke barin baƙin tabo. To, murza ido kullum rauni ne ƙanƙane mai maimaituwa, sakamakonsa kuwa baƙi ne mai daɗewa. Zafin rana ya kan ƙara shi. Haka kuma waɗansu magungunan ɗigawa na hawan jinin ido, irin su latanoprost da bimatoprost, su kan duhunta fatar. Wannan ba dalilin barin magani ba ne, sai dai a gaya wa likita.

Na biyu, jini. Jijiyoyin ƙasan ido suna da haɗi da na hanci. In cikin hanci ya kumbura ya toshe, jini ya kan yi jinkirin komawa, jijiyoyin su cika, duhunsu ya bayyana. A 1966 wani likitan yara na Amurka, Marks, ya yi rubutu bisa wannan alama a fuskar yaran da ƙura ko furen ciyawa ke sa wa atishawa da yoyon hanci. Rashin barci ma nan ya shigo. A 2013 masu bincike a Sitokholm ta ƙasar Suwidin suka nuna wa mutane hotunan waɗanda suka yi barci isasshe da na su waɗannan mutane bayan an hana su barci, masu kallo suka shaida ƙarin duhu da kumburi da jan ido a hotuna na biyu.

Na uku, inuwa. Daga kusurwar ido ta wajen hanci akwai wani ɗan kwari da ya gangara wajen kunci. In mutum ya rame, ko shekaru suka ja kitsen kunci ya sauka, ko ruwan jiki ya ragu, kwarin ya kan ƙara zurfi, inuwa ta kwanta a cikinsa. Launin fatar bai sāke ba ko kaɗan. Wannan shi ne faɗawar ido.

Na huɗu, kumburi. Ruwa ya kan taru a wurin da dare, musamman bayan abinci mai gishiri da yawa ko kuka. Ga manya kuma, kitsen da ke tallafe da ƙwayar ido ya kan turo gaba. Tudun da ya tashi shi ke jefa inuwa a ƙarƙashinsa.

Akwai gwaji mai sauƙi da likitoci ke yi, kowa na iya yinsa gaban madubi da rana. A sa ɗan yatsa a ja fatar ƙasan ido a hankali wajen kunci. In duhun ya ɓace, inuwa ce. In ya tsaya yadda ya ke, rini ne. In kuwa ya ƙara rinewa ya yi kamar shuɗi-shuɗi, jini ne a ke hangowa. Sau da yawa mutum guda na da biyu ko uku tare.

5. Aikin dare da ƙura a kudancin Kaduna

Kudancin kogin Kaduna gari ne da masaƙa ta gina. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, da haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Cikin shekarun 1960 aka ƙara su Nortex da United Nigerian Textiles da Arewa Textiles. Injunan saƙa ba su san dare ba, don haka aka riƙa karɓa-karɓa, waɗansu su shiga da safe, waɗansu da yamma, waɗansu su kwana bisa aiki. Dubban mutanen da suka taso a karkara, inda duhu ke kai kowa shimfiɗa, suka koyi kwana ido biyu da barcin rana cikin ɗakin haya mai zafi da hayaniya. Ga kuma ƙurar auduga da ke shiga hanci da ido. Tushe biyu ke nan a fuska guda.

Kaduna Textiles ta rufe a 2002, yawancin 'yan'uwanta kuma suka bi ta. Amma aikin dare bai tafi tare da su ba. Masu gadi, da ma'aikatan jiyya, da direbobin manyan motoci, da masu gidan burodi, da masu shayi, duk suna nan. An kuma sami sabon ɓarawon barci wanda masaƙan farko ba su sani ba, watau wayar hannu da a ke kwana ana latsawa. Babban mutum na bukatar barcin awa 7 zuwa 9, matashi kuwa fiye da haka.

Ita kuwa ƙura, hunturu ke kawo ta daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, iska ta bushe, fata ta tsage, hanci ya toshe. A ƙara da hayaƙin itace da na janareta da na manyan motoci. Cikin wannan yanayi akwai wani ciwon ido na yara da ya yawaita a ƙasashe masu zafi da fari, ya fi kuma kama maza. Ido ya yi ta ƙaiƙayi, ya yi ruwa, farinsa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, yaro ya yi ta murza har kewayen idon ya yi baƙi. Ba Afolo ba ne, ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, yawanci kuma ya kan lafa bayan balaga. Amma in an bar shi ba kulawa yana iya taɓa baƙin ido ya rage gani. Malami ya kan zaci irin wannan yaro barci ya ke ji, ko ƙazami ne, alhali kuwa asibiti ya ke bukata.

Sai ƙarancin jini. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya sami mata 58 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 da ƙarancin jini, haka kuma yara 68 cikin 100 'yan wata 6 zuwa 59. Zazzaɓin sauro da tsutsar ciki da haihuwa kusa da kusa da rashin abinci mai gina jini su ne manyan dalilai, ga kuma amosanin jini. In fuska ta ɗashe, ko wane duhu da ke kewayen ido sai ya ƙara fitowa. Alamar da ta fi tabbas ita ce a ja fatar ido ta ƙasa a dubi cikinta: in ta yi fari fat maimakon ja, a je a auna jini.

6. Kwalli

A kunnen Bahaushe kwalli da kwalliya 'yan ɗaki ɗaya ne. Masana harshe sun danganta kalmar kwalli da kuhl ta Larabci, tozali kuma da kalmar Abzinawa mai wannan ma'ana, abin da ke nuna daɗewar al'adar da hanyoyin fatauci da ta biyo. Baƙin kwalli baƙi ne da a ke so, a gefen ido, cikin tsari. Amma in zufa ta kwaranyo da shi, ko aka kwana ba a goge ba, sai ya bazu ƙasa ya ƙara wa wurin duhu. Wannan ƙaramin aibi ne, ruwa na gyara shi.

Babban aibin yana cikin dutsen kansa. Tsofaffin ƙamus na Hausa da Turanci sun fassara kwalli da sunan ma'adinin antimoni, amma awon da masana kimiyya suka yi ya nuna dutsen nan mai ƙyalli yawanci galena ne, watau uwar dalma. Ana samun irinsa a kwarin Binuwai, a wurare kamar Abakaliki da Arufu da Zurak. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da labarin wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka sami dalma ta yi yawa a jininsa. Da aka bi sawu sai aka tarar kwallin da a ke sa masa ne, awo kuma ya nuna kashi 82.6 cikin 100 na garin dalma ce. Yaro ya kan murza ido ya kai hannu baki, hawaye kuma na gangarawa ta wata 'yar kafa zuwa hanci da maƙogwaro, ta haka gubar ke shiga ciki.

Mutanen Arewa sun san ɓarnar dalma tun 2010, sa'ad da ƙurar dutsen zinariya ta halaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara. Abin da kwalli ke kawowa bai kai wannan yawa ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwado na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Ɓarnar tasa a ɓoye ta ke: ya rage kaifin ƙwaƙwalwar yaro, ya kuma hana jiki yin jini. Wanda ke son riƙe al'adar sai ya nemi wanda aka auna aka tabbatar ba dalma cikinsa, jarirai da masu ciki kuwa a nisanta su daga na dutse.

7. Man bilicin

Nan ne karin maganar nan ta garin neman gira a rasa ido ta cika sosai. Yarinya ta ga duhu a ƙasan idonta, ta tafi kanti, a haɗa mata mai ba suna ba takarda. Galibin irin waɗannan haɗe-haɗe ba su wuce abu uku ba.

Ɗaya, haidurokwinon, wanda ke hana fata yin melanin. Da farko wurin ya yi haske. In aka daɗe ana shafawa, ana kuma shiga rana, sai wani baƙi mai shuɗi-shuɗi ya fito bisa ƙashin kunci da gefen ido, mai wuyar magani ƙwarai. Likita Findlay da abokan aikinsa suka bayyana wannan ciwo a 1975 tsakanin matan Afirka ta Kudu. Biyu, sitiroyid mai ƙarfi irin su clobetasol, wanda ke ƙara sirantar da fatar da dā ma ba ta da kauri, jijiyoyi su fito fili. Kusa da ido kuma yana iya jawo hawan jinin ido da yana. Uku, zaiba, wadda ke lalata ƙoda da jijiyoyin jiki, ta kuma isa ga ɗan da ke ciki. A 2023 hukumar NAFDAC ta shelanta cewa bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa.

Akwai kuma wani abin ban takaici. Fatar ido ba ta jure man nan, sai mai shafawa ta riƙa kewaye ta. Kunci da goshi su yi fari, kewayen ido ya tsaya da launinsa na asali, duhun da aka so a kawar ya ninka a idon mai kallo.

8. Magani bisa ga tushe

In na rashin barci ne, maganinsa barci. Mai aikin dare ya tsai da lokacin barcin rana, ya duhunta ɗaki, ya bar shayi da goro sa'o'i kafin ya kwanta.

In na toshewar hanci ne ko ƙaiƙayi, a yi maganin hancin da idon, a daina murza. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, a ɗora minti 10, yana kwantar da ƙaiƙayi, ya tsuke jijiyoyi. Yankan kokwamba da a ke yabo, sanyinsa ne ke aiki, ba wani sirri ba. Da hunturu a rufe hanci, a wanke fuska da ruwa in an dawo gida, a shafa man kaɗanya kaɗan don kada fata ta tsage, ba tare da ya shiga ido ba. Kada a sayi maganin ɗigawa mai sitiroyid a kemis ba da umurnin likita ba.

In na kumburi ne, a rage gishiri da dunƙulen miya da dare, a ɗaga matashin kai.

In na ƙarancin jini ne, a nemi dalilinsa a asibiti, sa'an nan a taimaka da hanta da nama da kifi da wake da ganyaye irin su zogale da alayyafo. Shan shayi tare da abinci yana rage abin da hanji ke tsotsa na sinadarin ƙarfe.

In na rini ne, sai haƙuri, don wata da watanni ya ke ɗauka. Malafa da tabarau da man kāre rana su ne farkon magani. Likitan fata na iya ba da mai mai bitamin C ko makamancinsa, ko haidurokwinon na ɗan lokaci ƙayyadadde a ƙarƙashin kulawarsa. Lemon tsami da man goge baki da kanwa ba su da wuri a nan, ƙona fatar su ke yi, ƙuna kuwa baƙi ta ke haifarwa. Na gado ya kan ragu, amma ba ya ɓacewa sarai.

In na inuwa ne, babu man da ke cike rami. A manyan birane akwai allurar cikawa da aikin hasken leza da fiɗa. Amma leza na iya ƙara wa baƙar fata duhu, allurar kuwa in ta shiga jijiya tana iya makantarwa, ko da ya ke ba safai ba. Ba aikin mai gyaran gashi ba ne.

9. Alamomin da ba a jinkiri da su

Yawancin baƙin kewayen ido ba shi da haɗari, amma akwai inda ya ke zama ƙararrawa. Yaro mai zawo in idonsa ya zurma, ruwan jikinsa ne ya ƙare, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take a nufi asibiti. Yaron da ke tashi ko wace safiya da kumburarren ido, ga ƙafa na kumbura, a auna fitsarinsa don ƙoda. Mai ciki da fuskarta ta kumbura, ga ciwon kai, a auna jininta ran nan. Wanda ya faɗi daga babur ya bugi kai, daga baya idanunsa biyu suka yi baƙi, ana tsoron tsagewar gindin ƙoƙon kai. Baƙi mai kauri kamar ƙaranmiski a wuya da hammata, wani lokaci har fuska, ya kan zo gabannin ciwon sukari. Haka nan duhu ko kumburi a ido ɗaya tak, mai ƙaruwa, ko mai zafi, ko mai rage gani.

Mazauna kudancin kogi suna da Babban Asibitin Gwamna Awan da Asibitin St. Gerard a wajen Kakuri. Abin da ya shafi ido kansa kuwa, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a arewacin gari, wadda aka kafa da dokar 1979.

10. Kammalawa

Malami ba likita ba ne, amma ya fi likita ganin fuskar yaro, don kullum tana gabansa. In ya ga duhu a ƙarƙashin idon ɗalibi, tambayoyi huɗu sun isa: Ƙarfe nawa ka ke kwanciya? Idon na ƙaiƙayi? Akwai mai irinsa a gidanku? Me a ke shafawa ko a ke sa wa idon? Daga amsoshin zai gane ko nasiha ce ta dace, ko takarda zuwa ga iyaye, ko kuwa a gaya wa yarinya gaskiya cewa halittarta ce, babu abin gyara.

Ga masu nazarin Hausa kuma akwai aiki. Mai rubuta littafin kiwon lafiya na makaranta kada ya ƙago kalma guda ya rufe bambancin da harshe ya riga ya yi. Ya bar faɗawa da kumburi da baƙi ko wanne a matsayinsa, ya kuma rubuta a fili cewa dutsen kwalli uwar dalma ce. Ɗalibar da ta iya rarrabe waɗannan kafin ta shiga kanti, da wuya a sayar mata da abin da zai cuce ta.